Fasinja Na Huɗu

Tun kafin tayar gaba ta taɓa gadar, Luyen ta sauke gilashin mota kaɗan, ta zura yatsu biyu waje, ta saki 'yar takardar kuɗi ta dong dubu. Iska ta yi gaba da ita zuwa kogi. Sannan ta sunkuya kan baƙar jakar da ke gefenta kamar mai neman abu a ƙasa, ta yi raɗa.

"Tsoho, ga gada. Ka biyo ni, ban da tsayawa kallon ruwa."

"Mama, magana kike yi?" in ji Khoat, mijin 'yarta, yana leƙo ta ta madubi.

"Tari nake yi. Sanyin motar nan taka ne zai kashe ni."

Khoat ya rage sanyin, ya ƙara sautin rediyo. Diep, 'yar tata, da ke zaune a gaba, ta kafa wa hanya ido, kunnuwanta sun yi jawur. Yarinyar nan tun tana goye ba ta iya ɓoye komai ba, abin da ya sa uwar ta hana ta buɗe baki ke nan tun da suka baro Hanoi jiya da safe.

A cikin jakar nan, an ce wa Khoat, kwanukan tangaran ne za a kai wa dangi tsaraba. Gaskiyar magana kuwa surukinsa ne a ciki, tsoho Phung, ƙasusuwansa a wanke tas da ruwan ƙamshi, a naɗe cikin jan ƙyalle. Shekara uku da binne shi aka tono shi makon jiya kamar yadda aka saba, don a mai da shi ƙauyensu a kan duwatsun Cao Bang, inda ya roƙa tun yana da rai a kwantar da shi kusa da uwarsa. Mai duba ya tsayar da rana, ya tsayar da sa'a: yau, ƙarfe huɗu na yamma. In ta wuce, sai kaka mai zuwa.

Wani direba aka samu da ƙyar ya yarda zai kai shi. Saura kwana biyu ya bugo waya wai motarsa ta lalace. Motocin haya kuwa ko kusa, da sun ji ƙamshin turare a jikin kaya za su sauke ka a bakin titi. Sai Luyen ta duba ta ga mota ɗaya ta rage a duniya, farar motar Khoat, wadda yake ɗaukar amare da ita. Mutumin da ya kai motar nan wurin bauta aka yi mata addu'a ranar da ya saye ta, wanda ko kaza matacciya ba ya bari a saka masa a but. In aka ji ta ɗauki mamaci, babu uwar da za ta sake bari 'yarta ta shiga ranar biki.

Shi ya sa ta kira shi ta ce ƙanin tsoho ya riga ya zo ya tafi da ƙasusuwan, an gama komai. Ita dai zuciyarta ce ba daɗi, tana so a zaga da ita ta ga gandun daji da gonakin shinkafa da suka nuna, in ya so su biya ƙauye su gai da dangi. Khoat ya ce ai babu komai.

Ba nan kaɗai ƙaryar ta tsaya ba. Shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin Khoat yana neman Diep, ya goya tsoho Phung a babur zai kai shi kasuwa don ya burge. Ya burge kuwa, don a kududdufin agwagi ya juye shi, gaban maƙwabta. Tsohon ya fito da ganye a ka, ya rantse cewa ko ƙasusuwansa ba za su hau abin da yaron nan ke tuƙawa ba. Ya ba shi 'yarsa, ya ci abinci a gidansa, amma har ya mutu bai ko jingina da motarsa ba. Saboda haka shekaranjiya da Luyen ta kunna turare a gaban jakar, cewa ta yi, "Motar haya na samo mana, direban wani bawan Allah ne, ba ka san shi ba." Mace ɗaya, maza biyu take yaudara, rayayye da matacce.

Sun kwana a bakin tafkin Ba Be. Yanzu ƙarfe tara ta wuce, hanya tana ta murɗewa tana hawa, kuma Khoat yana tuƙi kamar wanda ya ɗauko ƙwai a faranti. Babura suna wuce su. Wata babbar mota cike da rake ta yi musu hon ta wuce. Har wani tsoho a kan keke ya jera da su na ɗan lokaci, ya leƙo ya ga ko lafiya.

"Khoat, motar ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta lau, Mama. Ba yawon buɗe ido muka zo ba? Ki buɗe idon mana. Dubi can."

Ta duba don dole. Gonakin shinkafa sun sauko daga kan dutse hawa-hawa har ƙasan kwari, duk sun yi ruwan zinariya, mata da lauje sun duƙa a ciki. Abin da kyau, ba ta musa ba. Amma agogo take kallo.

A ƙofar wani gandun daji ya fita yankar tikiti, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Kun ga shirme. Huɗu na yanka. Kaina ne ya ruɗe, na ɗauka mu huɗu ne."

"Ka koma su karɓi ɗaya mana," in ji Diep, sannan ta kama bakinta.

"Bar shi," Luyen ta yi caraf ta karɓe. "Ba a mai da abin da aka riga aka saya." Ta faki ido ta cusa tikitin a aljihun jakar. Tun ɗazu abin yake damunta, yadda tsoho zai shiga wuri ba tikiti, shi da ko a bas bai taɓa yin satar hanya ba. Ta ce a ranta, wawa ma yana da ranarsa.

Cikin gandun sanyi ya sauko. Dogayen itatuwa sun rufe sama, ganyensu ya fara ja da rawaya, gajimare yana ratsa hanya kamar hayaƙin murhu. Gada biyu suka haye. Kowace suka doso sai Khoat ya ce waƙar nan tana masa daɗi, ya ƙure rediyo, ita kuma ta samu ta yi kiranta a tsanake.

A gada ta uku ne aka kusa yin ta. Wani ma'aikacin gandu da ke tsaye da babur ya ga takarda ta fito ta taga, ya ɗaga hannu. Khoat ya tsaya.

"Inna, ba a zubar da shara a nan," in ji ma'aikacin. Ya sunkuyo, ya ga kuɗin a kan kwalta, ya ga jakar zaune a kujera an ɗaura mata bel, ga bakin jan ƙyalle ya ɗan leƙo ta zif. Sai ya cire hularsa a hankali. "Au. Ku yi haƙuri. Ina za a kai…"

"Tangaran ne!" in ji Luyen.

Ma'aikacin ya dube ta. Ta zare masa ido, ta ɗan karkata haɓa wajen direba. Da alama shi ma yana da suruka, don nan take ya mai da hularsa.

"To. A sauka lafiya. A bi da tangaran a hankali."

"Mutanen dutse akwai ladabi," in ji Khoat da suka wuce. "Har kwano suke cire wa hula."

Luyen ta tura bakin jan ƙyallen ciki, ta ja zif.

Sha ɗaya da rabi ya tsaya a wani tudu wai sai an ɗauki hoto. Ya ce Mama ta tsaya nan, ta matsa can, ta yi murmushi, a'a, ba irin wannan ba, na gaske. Sannan ya ce ƙafarsa ta yi tsami.

"Diep, miƙo jakar nan in ɗan zauna a kai."

"Ka zauna a kan me?" Luyen ta yi tsalle ɗaya ta tare ƙofar mota, ita da take kukan gwiwa tun bara. "Kai, ba ka da hankali? Tangaran ɗin?"

"To a mai da ita but mana, ki samu wurin miƙe ƙafa."

"Ƙafata ta gaya maka tana son miƙewa?"

"Mama, kwanukan nan dai ana ji da su. Ni da nake surukinki shekara goma sha biyu ban taɓa samun gatan da suka samu ba."

"Su ba su taɓa jefa kowa a ruwa ba."

Ya bushe da dariya har da riƙe ciki. Ita kuwa haushi ya cika ta, don sha biyu ta kusa.

A wata rumfa a bakin hanya suka ci shinkafa mai danƙo da gasasshen kifi. Luyen ta ce ba za ta bar kayanta a mota ba, ɓarayi sun yi yawa, ta ɗora jakar a kujera ta huɗu. Da Khoat ya tafi wanke hannu ta tsiyaya shayi a ƙaramin kofi ta ajiye a gabanta. Da ya dawo ya dubi kofin, ya dubi silin, ya ce kifin nan ya ji gishiri.

Abin da ya kayar da ita ke nan, cikin da ya cika, da maganin jiri da ta sha, da daren jiya da ta kwana zaune tana gadin jaka. Ta ja kunnen Diep a bayan rumfa cewa in ta ga ta fara gyangyaɗi ta tsungule ta. Diep ta ce to. Ko minti goma ba su yi a hanya ba Diep ta riga ta yin barci, baki buɗe.

Luyen ta farka ta ga rana ta karkata. Duwatsun ma sun sake, sun zama masu tsini, irin na ƙasar mijinta. Agogon mota ya nuna biyu da minti goma.

"Khoat. Mun haye gada?"

"Uku. Saura awa ɗaya mu shiga ƙauye."

Ta dubi jakar. Tana nan yadda take, da bel ɗinta. Amma Luyen ta san abin da ke ciki yanzu ƙashi ne kawai. Mamaci ba ya haye ruwa sai an kira shi an biya masa. Tsohonta yana can baya a bakin wata gada, cikin dajin da bai san kowa ba, yana jiran muryarta. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa barinsa a hanya ba, ko ranar da suka yi faɗa a tashar jirgi.

"Tsaya. Juya motar."

"Lafiya, Mama?"

"Na… na yar da ɗankunnena."

"Ga su nan biyu a kunnenki."

Diep ta farka, ta waiwayo, ta ga fuskar uwarta, ta gane. Ta ɗora hannu a ka.

Luyen ta nemi wata ƙaryar ta rasa. Ta gaji. Ta dafa jakar da hannu biyu.

"Ba tangaran ba ne. Baban Diep ne. Na cuce ka, na saka maka mamaci a motar amare, ka yi mini duk abin da za ka yi. Amma ka juya, don girman iyayenka. Na yi barci na bar shi a baya."

Khoat ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Bai waiwayo ba. Ya buɗe aljihun gaban mota, ya fito da damin sababbin takardun dong dubu a ɗaure da roba, ya ɗaga.

"Na biya masa, Mama. Duka ukun. Na kira shi kuma."

Wata akuya ta yi kuka a kan dutse.

"Diep!" in ji Luyen.

"Na rantse ban faɗa ba! Ko a mafarki!"

"Ba ita ba ce," in ji Khoat. "Direban nan da motarsa ta lalace, tare muke shan shayi kullum. Motarsa ƙalau take. Ni na roƙe shi ya ce ta lalace."

"Kai ka…"

"Da na zo na ce zan kai Baba, za ki yarda? Cewa za ki yi ya rantse. Sai na ga gara in bari ki sace ni." Yanzu ya waiwayo, yana ƙoƙarin danne murmushi. "Shekara goma sha biyu ina jira mutumin nan ya zauna a motata ya ga ko na iya. Kwana biyu ke nan ko rami ɗaya ban faɗa ba. Ki tambaye shi."

Luyen ta tuna tikiti na huɗu, da rediyon da ke tashi a kowace gada, da jakar da aka so a zauna a kai. Wato tun jiya ɗan banzan nan yake wasa da ita kamar kyanwa da ɓera.

"Amarenka fa?"

"Wa zai gaya musu? Ke, ko Baba?"

Diep ta kai masa duka a kafaɗa tana dariya tana share hawaye. Khoat ya miƙa hannu zai tayar da mota, fuskarsa fal jin daɗi, irin na wanda ya ci wasa.

"Dakata," in ji Luyen. "Da ka kira shi, me ka ce?"

"Cewa na yi, Baba, ni ne Khoat, ga gada, mu haye."

"Ka faɗi sunanka?"

"To da sunan wa zan faɗa?"

"Wayyo ni!" Ta tafa hannu. "Ka kashe ni! Ce masa na yi motar haya ce! Kana tsammani mutumin nan zai ji sunanka ya ci gaba da zama? Ai tun a gadar farko ya sauka. Yana can ya harɗe hannu."

Murmushin Khoat ya ɗauke.

"Haba Mama. Shekara uku da rasuwa. Bai huce ba?"

"Ka san shi ya taɓa hucewa?"

Khoat ya dubi matarsa neman ceto. Diep ta yi tunanin ubanta, mutumin da ya yi shekara tara ba ya gaisawa da maƙwabci a kan reshen lemo ɗaya.

"Ya sauka," in ji ta.

Khoat ya dubi agogo. Minti ashirin da biyar zuwa gadar farko cikin ukun nan, ashirin da biyar dawowa, awa ɗaya zuwa ƙauye. Ko numfashi babu a tsakani. Ya juya kan motar a wurin da ko babur sai ya yi dabara.

A nan Luyen ta ga tuƙi. Motar da ta wuni tana rarrafe ta miƙe, tana shiga kwana tana fita sumul, dutse a dama, rami mai zurfi a hagu, amma jakar ko motsi ba ta yi ba. Ta so ta ce ya rage, ta so ta ce ya ƙara, ta rasa wanne, sai ta riƙe kujera gam.

Gadar 'yar ƙarama ce, ta siminti, a kan wani rafi mai duwatsu. Suka haye ta suka tsaya a ɗaya gefen, inda aka baro shi. Ba kowa sai wata mata can nesa tana shanya shinkafa a kan tabarma. Luyen ta fito, ta kunna turaren tsinke uku, ta soke a ƙasa a bakin hanya. Ta gyara rigarta. Wannan karon ba raɗa ta yi ba.

"Tsoho. Na san kana nan, na san ka ji komai. E, ƙarya na yi maka, motar Khoat ce. In faɗa ne ka bari sai na zo, mu yi shi a can, lokaci ba zai ƙare mana ba."

Iska ta kaɗa hayaƙin turaren.

"Uwarka tana jira, an haƙa wuri, 'yan'uwanka sun yanka kaji. Kai kuma ka zauna a bakin rafi kana fushi a kan agwagi. Agwagin nan an cinye su tun shekara goma sha biyu." Ta nuna motar da haɓa. "Ni na zauna a bayan Khoat kwana biyu, na gani da idona. Ya kula da kai fiye da yadda na kula, don ni barci na yi, shi bai yi ba. Ka shiga mota, ka bar taurin kai. Yaron ya iya tuƙi."

Khoat yana tsaye a jikin mota. Nan take ya gano wani datti a madubin gefe, ya duƙa yana ta goge shi da hannun riga, ya daɗe yana gogewa.

Luyen ta jira har tokar turaren ta karye ta faɗi. Ta gyaɗa kai, kamar yadda takan yi in ta gama ciniki.

"Diep, koma baya. Babanki ba ya son zaman baya."

Khoat da kansa ya ɗauko jakar da hannu biyu, ya zaunar da ita a kujerar gaba, ya ja bel ya ɗaura mata, ya gwada ya ga ya kama. Ya zagaya ya shiga. Uku saura kwata.

Da suka doso gadar, Luyen ta sauke gilashi, takarda a hannu. Sai ta fasa. Ta miƙa takardar gaba, ta taɓa kafaɗar surukinta da ita.

Khoat ya karɓa, ya saki a iska, ya gyara murya.

"Baba, ni ne Khoat. Ga gada."

Suka haye.

"Ka taka sosai," in ji Luyen daga baya. "Amma in mun zo shiga ƙauyen ka rage. Akwai kududdufi a hannun dama."